Yadda za ka karanta EEPROM a Linux kamar fayil

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ɗaliban poli da na jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua nan Katsina da ke fama da furojet. Akwai wata 'yar aisi (IC) mai ƙafa takwas, 24C256 ce, irin ma'ajiyar bayanai da ake kira EEPROM, tana ɗaukar kilobayit 32, kuma ko an ɗauke wuta ba ta manta abin da aka rubuta mata, shi ya sa in kana haɗa mitar sola nan ne za ka ajiye saiti.

Waya biyu take magana da su, SDA da SCL, wato I2C. A Raspberry Pi fin na 3 da na 5 ne. Ƙafafunta A0, A1, A2 in ka kai su ƙasa duka, wato GND, adireshinta 0x50 kenan. Ka buga i2cdetect -y 1, in ka ga 50 ta fito to ta amsa.

To ga inda mutane ke wahalar da kansu, sai ka ga mutum ya zauna yana tura bayit ɗaya-ɗaya da i2cset alhali Linux na da direban wannan aikin tuntuni, wato furogiram ɗin da ke magana da aisin a madadinka, sunansa at24. Ka zama root, wato mai cikakken iko a Linux, ka rubuta

echo 24c256 0x50 > /sys/bus/i2c/devices/i2c-1/new_device

shikenan fayil mai suna eeprom zai bayyana a cikin /sys/bus/i2c/devices/1-0050. Kana iya karanta shi da hexdump, ko ka buɗe shi daga Python kamar kowane fayil. In ka sake i2cdetect ka ga UU kar hankalinka ya tashi, direba ne ya riƙe wurin.

Don Allah kafin ka rubuta komai ka kwafe abin da ke ciki da cp ka ajiye gefe. Allon da ka ciro daga wata na'ura mai yiwuwa a nan aka sa lambar MAC ɗinsa, wato lambar da ake gane shi da ita a netwok, ko saitin kamfani, in ka goge babu inda za ka samo shi.

Me ya sa nake nacewa a bar wa direba? Saboda aisin nan shafi-shafi take karɓar rubutu, bayit 64 a kowane shafi, kuma in ka zarce ƙarshen shafi ba ta wucewa na gaba, komawa take farkon shafin ta rubuta a kan na da, kamar almajirin da allonsa ya cika ya koma sama yana rubutu bai wanke ba. Ga shi bayan kowane rubutu sai an jira ta kamar milisakan 5. Direba ya san duk wannan. Sai dai in ba ka faɗa masa girman shafi ba, bayit ɗaya-ɗaya zai riƙa turawa don gudun ɓarna, aiki ya yi ta jan ƙafa, don haka a device tree, wato fayil ɗin da ke faɗa wa Linux kayan da ke haɗe da allon, ka sa compatible "atmel,24c256" da pagesize 64.

In rubutu ya ƙi shiga duba ƙafa ta 7, WP, in tana kan wuta to a kulle take. Kuma kar ka sa furogiram ɗinka ya riƙa rubutu a wuri guda kowace daƙiƙa, kamar sau miliyan 1 aka ƙiyasta mata, a haka ko sati 2 ba za a cika ba ka cinye lissafin.