Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Feja Ke Gane Cewa Saƙo Nata Ne?

Jama'a barkanmu da war haka. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma ba ya jira, to bismilla.

Wani bawan Allah daga Tudun Wada na tambaya ko feja, wato 'yar na'urar nan ta aljihu da ke ƙara in an aiko wa mai ita gajeren saƙo, ƙaramar waya ce. A'a malam, yawancinsu karɓar saƙo kawai suke yi, ba sa mayar da amsa.

Wata baiwar Allah daga Samaru kuma ta ce tun da fejoji suka fashe a Lebanon a watan Satumban 2024 take ajiye wayarta a falo in za ta kwanta. Hajiya, kwantar da hankalinki. Waɗancan abin fashewa aka cusa musu tun kafin su shiga hannun masu su. Saƙo shi kaɗai ba ya fasa na'ura.

Sai wadda ta fi yawa a teburin nan. Ɗalibi daga Kongo, mai gyaran waya a PZ, da wasu daga Sabon Gari, bakinsu ɗaya: tunda tashar aikawa ba ta san inda feja take ba, yaya saƙo ke samun mai shi? Injiniya, ga fili.

"To, ai sai mun koma Ingila. Hukumar gidan waya ta can ce ta jagoranci kwamitin da ya fito da tsarin aika saƙon feja mai suna POCSAG, aka karɓe shi a matsayin tsarin duniya a 1981. Da farko gudunsa gurbi 512 ne a daƙiƙa, wato sifili ko ɗaya sau 512, daga baya aka samu 1200 da 2400. Sai kuma Motorola suka kawo FLEX a 1993, wanda shi..."

Injiniya, Allah ya ƙara basira, a dawo da mu Zariya. Yaya take ganewa?

"Yauwa. Tashar watsawa take yi ga kowa. Kamar ɗan kamasho ne a Kwangila yana 'Kano! Kano!', kowa ya ji, amma mai zuwa Kano ne ke miƙewa. Kowace feja akwai lambar da aka sa mata a ciki, ana ce mata kafkod. Ba ita ce lambar da kake bugawa ba, kwamfutar kamfani ce ke duba lambar da ka buga ta nemo kafkod ɗin da ke maƙale da ita. A POCSAG lambar gurbi 21 gare ta, kowane gurbi sifili ko ɗaya, wato lambobi sama da miliyan 2. Amma gurbi 18 kaɗai ake aikawa."

Tsaya. Ukun fa, ɓata suka yi?

"Ba su ɓata ba. Ana jero saƙonni rukuni-rukuni, kowane rukuni zango takwas, daga 0 zuwa 7. Ukun nan su ke faɗin zangon da lambarka za ta fito. Ka raba lambar da 8, abin da ya saura shi ne zangonka. Misali 1234567, saura 7, to zangon ƙarshe ke nan. Fejar sai ta yi barci, ta farka a zangonta kawai. Shi ya sa ƙaramin batir ɗaya ke kai ta makonni."

Bari in maimaita don masu saurarenmu a kan babur. Lamba gurbi 21, ana aika 18, sauran ukun kuma wurin da lambar ta bayyana ne ke nuna su. Ni wannan dabarar ta burge ni, don da wayoyinmu na da irin wannan tattalin da ba mu cika shagon caji ba.

Mai gyaran PZ ya ƙara da cewa ya ji wani lokaci saƙo kan iso a hargitse. Injiniya?

"Bayan gurbi 18 ɗin akwai wasu biyu, suna ba da hali huɗu. Su ke gaya wa feja irin ƙarar da za ta yi, kuma galibi da su ake bambance saƙon lambobi da na rubutu. In kamfani ya aiko rubutu, ita kuma an saita ta ta karanta shi a matsayin lambobi, shirme za ka gani. Sannan gurbin farko can, in sifili ne adireshi ke tafe, wato kafkod, in ɗaya ne saƙo ne. Kuma ana iya sa wa fejoji da yawa kafkod ɗaya, kamar likitocin gaggawa a asibitocin Turai, kira ɗaya duk su tashi. Sai dai fa a asalin tsarin babu kulle, duk mai na'urar sauraro..."

Wato sirri babu ke nan. Mun gode Injiniya.

Kai kuma ɗan Wusasa da ka cika takarda gaba da baya da tambaya, haba malam, ka bar wa 'yan uwa fili mana. Ɗaya za mu ɗauka, ta ko Japan ta daina aikin feja: i, Japan ta rufe layin fejarta na ƙarshe a 2019. Sauran sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ga mai labarai nan ya tsaya a bakin ƙofa.