Jawabin Maraba ga Mai Girma Gwamnan Jihar Maraɗi, daga Masu Sana'a da Masu Gyaran Wuta na Garin Kaka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Gwamna, iyayenmu sarakuna, malamai, wakilan HCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, 'yan'uwa maza da mata, barkanku da zuwa. Ranka ya daɗe, sannu da hanya, mun gode da ka tako da ƙafarka.

Tun shekarar 2019 mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina ke tsallakowa saboda 'yan bindiga, jihar Maraɗi kuma ta ba su masauki a nan Garin Kaka, da Ɗan Daji Makau, da Cadakori. Cikinsu akwai teloli, masu niƙa, masu walda da mata masu ƙuli-ƙuli. Da sana'arsu a hannu suka zo. Abin da muke so ka ji yau shi ne irin wutar da sana'ar nan ke buƙata, wato tashar wutar sola, domin fitilar sola ta hannu tana haska ɗaki tana cajin waya, amma ba ta juya inji.

Ga lissafin, ranka ya daɗe. Waya tana cin wat 5 zuwa 10. Motar keken ɗinki kusan wat 100 ce. Firjin ƙanƙara na mai zoɓo da kunun aya yana shan kilowat-awa (wato yunit) 1 zuwa 2 a yini. A ranar ƙasar nan, faifan sola mai wat 400 yana ba da kusan kilowat-awa 2 a yini idan yana da tsabta, don haka faifai biyu da batir mai kyau sun riƙe firji ɗaya. Injin niƙa ne babban aiki. Motarsa kan kai kilowat 7 da rabi, tana son faifai 25 zuwa 30, kuma a lokacin tashi tana jan ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci tana gudu. A nan inbata, na'urar da ke juya wutar sola zuwa irin wadda inji ke ci, ke mutuwa idan an auna ta da ƙarfin gudu kawai. Maganinsa na'urar da ke tayar da mota sannu a hankali, sannan a yi niƙa da walda tsakanin hantsi da azahar, lokacin da wuta ke zuwa kai tsaye daga faifai ba tare da an taɓa batir ba.

Batir kuwa shi ne inda yawancin ayyukan sola ke rushewa. Batirin dalma ba ya son a zuƙe shi fiye da rabi, kuma duk ƙarin zafi na digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin rayuwarsa. Wanda ya san bazarar Maraɗi ya san abin da ɗakin kwano marar taga zai yi masa. A gina masa ɗaki mai iska da rufi biyu, ko a sayi na litiyam duk da tsadarsa. Ƙurar hunturu ma tana rage wuta sosai, sai an wanke faifai kowane mako, da sassafe kafin gilashi ya yi zafi. Kafin damina a binne sandar ƙasa saboda tsawa, waya kuma a sa ta cikin bututu saboda ɓera.

Roƙonmu a kan kuɗi ne. Wutar kyauta ba ta ɗorewa: ranar da batir ya mutu babu mai saye. A sa wa kowane shago mitar biya kafin amfani, a ware kaso daga kowane biya a asusun canjin batir, da sa hannun ɗan gudun hijira ɗaya da ɗan gari ɗaya. Layin wutar ya ratsa kasuwa ya kai ga 'yan gari, domin su ma masu masauki suna da shaguna, kuma yawan masu biya shi ke riƙe tashar. Mace mai sana'a ba ta da kuɗin firji lokaci guda, a ba ta bashi ta riƙa biya mako-mako. Sannan muna roƙon ka sa baki ANPER, hukumar kai wutar lantarki karkara, ta horar da samarinmu gyaran inbata da haɗa waya, a kuma ajiye fiyus da kayan canji a nan, kada ƙaramar matsala ta tsayar da niƙa sai an jira mai gyara daga Maraɗi.

Ranka ya daɗe, masu sana'ar suna nan a gefen rumfa da kayan aikinsu, muna roƙon ka zagaya ka ji daga bakinsu. Allah ya ƙara maka lafiya, ya mai da ku gida lafiya.