Cutar da ta fi igwa kashe ma'aikatan jirgin ruwa

Hadiza: Masu sauraro, assalamu alaikum. Yau teku muka nufa, zamanin jiragen da iska ke turawa. Malam Kabiru, wai da gaske cutar sikabi, wato cutar rashin bitamin C a jiki, ta fi guguwa da igwa cin rayuka?

Kabiru: Ƙwarai kuwa, Hadiza. A 1740 George Anson, wani kwamandan sojan ruwa, ya tashi daga Ingila da mutum kusan 1,900 don ya yaƙi Sifaniya. Kafin ya dawo a 1744, fiye da 1,000 sun rasu, akasarinsu cuta da yunwa ne suka ɗauke su.

Hadiza: Inna lillahi! Yaya take kama mutum?

Kabiru: A hankali. Abincinsu naman gishiri ne da busasshen biskit, ba ganye ba 'ya'yan itace. Bayan wata biyu ko uku sai kasala, sai dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su yi ta girgiɗi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tsohon rauni ya sake buɗewa. A jirgin Anson akwai tsohon sojan da ya ji rauni shekara 50 kafin nan, ya warke sarai, amma tabon ya tsage kamar jiya aka sare shi. Bitamin C ne ke taimaka wa jiki ɗinke nama, in ya ƙare ɗinkin sai ya warware.

Hadiza: To ba wanda ya gano magani?

Kabiru: An sha ganowa ana mantawa. Mutanen Vasco da Gama, jagoran jiragen ruwa ɗan Fotugal, sun sami sauƙi da lemon da suka samu a gaɓar gabashin Afirka tun 1498. A 1747 kuma likita James Lind, a jirgin Salisbury, ya raba marasa lafiya 12 biyu-biyu. Ya ba wasu ruwan teku, wasu ruwan khal, biyu kuma lemon zaƙi biyu da na tsami ɗaya kullum. Kwana shida lemon ya ƙare, amma ɗaya daga cikin masu shan lemon har ya koma bakin aiki.

Hadiza: Ai magana ta ƙare ke nan, Malam.

Kabiru: Ina! Sai 1795 rundunar ruwan Ingila ta fara raba ruwan lemo ga kowa.

Hadiza: Shekara 48 ana jefa gawawwaki a teku? Wannan sakaci ne.

Kabiru: Akwai sakaci, ba na musu, don talakawa ne ke mutuwa, wasu ma kamo su aka yi da ƙarfi. Amma Lind kansa bai san dalilin warakar ba, yana zargin danshin iska. Da ya so lemon ya daɗe, sai ya ce a dafa ruwan ya yi kauri, zafin kuwa yana lalata bitamin ɗin. Masu gwadawa suka sha, ba su ga amfani ba, suka ce lemo ba ya magani.