Abincin dare a fadar da gobara ta cinye

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a bakin ruwan Bosphorus nake, ɓangaren Turai na Istanbul. Fitilun da kuke hangowa a tsallake can, Asiya ce. Wannan ginin da ke bayana kuma fadar Çırağan ce, nan za mu ci abinci yau.

Sarkin Daular Usmaniyya Abdul'aziz ne ya sa aka gina ta, amma bai wani more ta ba aka tuɓe shi a 1876. Wanda ya gaje shi, Murad na Biyar, kwana 93 kacal ya yi a kan karaga, shi ma aka sauke shi, aka tsare shi a nan har ya rasu a 1904. Shekara 28 mutum yana kallon ruwan nan ta taga! Daga baya majalisar dokoki ta tare a ciki, sai gobara ta tashi a Janairun 1910, ta bar bangon waje kaɗai. Kangon ya daɗe a yashe, har ƙungiyar Beşiktaş ta riƙa buga ƙwallo a harabarsa. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka gyara, kamfanin Kempinski ya buɗe otal a ciki.

To mu shiga. Kun ga adon nan da fitilun da ke reto? Kada su ruɗe ku, yawanci aikin masu gyara ne. Bangon shi ne tsoho. Ni dai ban ga laifin hakan ba, ya fi a bar wa tsuntsaye.

Gidan abincin sunansa Tuğra, girkin fada suke yi. Ga abin da na ce a kawo, hünkar beğendi. Naman rago ne da aka dafa har ya yi luguf, aka zuba a kan baƙin yalon nan nasu. Ana gasa yalon a wuta sai ƙamshin hayaƙi ya kama shi, a ɓare, a dama da man shanu da madara da cuku. Wallahi ko wuƙa ban ɗauka ba, cokali ya isa. Sai dai fa ɗan Kano zai nemi yaji.

Masu shirin zuwa, a kama teburi tun da wuri, a roƙi na baranda, a kuma zo da aljihu mai nauyi, don har kuɗin bangon ake biya. Ga shayi nan ya iso, bari in ajiye kyamarar.