Amsoshin Tambayoyinku: Karantar da Yaro a Gida Kafin Ya Koma Aji

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙun wannan mako kusan duk magana ɗaya suka ɗauko: yaran da karatunsu ya tsaya tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023. Mun zaɓi uku.

Ta farko daga wata uwa a Gadarif. Ta ce daga Wad Madani suka taso, ɗanta shekararsa 7 bai taɓa shiga aji ba, ita kuma karatunta bai wuce asas ba, wato matakin farko na makaranta. Ta ina za ta fara, kuma za ta iya?

Hajiya, za ki iya. Abin da ɗan shekara 7 ke buƙata biyu ne, karatu da lissafi, kuma duka kina da su. Ki fara da tsayar da lokaci: bayan shayin safe zuwa kafin fatur, wato abincin hantsi, rana ba ta yi zafi ba tukuna. Zama uku, kowanne minti 20, da ɗan hutu a tsakani, daga Lahadi zuwa Alhamis kamar yadda makarantu ke yi. Kayan aiki kuwa tabarma, allo, fensir da littafin rubutu biyu. Idan takarda ta yi tsada, rairayi a faranti ya wadatar a makonnin farko.

Haruffan Larabci 28 ne. Uku a mako, cikin mako 10 kin gama. Amma kada ki bi su a jere. Ba, ta da sa jikinsu ɗaya, ɗigo ne kawai ya raba su. Haka jim, ha da kha. Idan kika zuba masa su a mako guda, zai riƙa canka. Ki raba su, ki haɗa ba da mim da dal, misali, waɗanda ba su yi kama ba. Ki koya masa sautin harafi da wasalinsa tun ranar farko, fataha, kisira, rufu'a: ba, bi, bu. Yaron da ya haddace sunayen haruffa kawai yakan rera su tiryan-tiryan, a nuna masa kalma mai harafi uku ya tsaya cak. Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne haɗa baƙi, domin harafi yana sauya kama a farko, tsakiya da ƙarshen kalma. Ki ware haruffa shidan da ba sa haɗuwa da na bayansu, wato alif, dal, zal, ra, zai da waw, ki rubuta su a bango inda zai riƙa ganinsu.

Sai maganar harshe, wadda muke so iyaye su riƙe da muhimmanci. A gida Hausa yake ji, a kasuwa Larabcin gari, a littafi kuma Larabcin fusha, wato daidaitaccen Larabci. Ki yi masa bayani da Hausa, babu laifi ko kaɗan, hasali ma ya fi saurin shiga. Amma kullum ki ba shi kalmomi biyar na Larabcin littafi, ya faɗa, ya nuna abin, ya rubuta.

Wasiƙa ta biyu daga wani magidanci a Maiurno. 'Yarsa mai shekara 9 tana zuwa khalwa, wato makarantar allo, karatunta na allo ba laifi, amma idan aka ce ta rubuta 25 sai ta rubuta 52. Yana tambaya ko wata matsala ce a kanta.

Malam, ka kwantar da hankalinka, lafiyarta ƙalau. Harsuna biyu ne suke ja mata hannu. Da Hausa muna cewa ashirin da biyar, goma-goma ne a gaba. Da Larabci ana cewa khamsa wa ishirin, biyar ɗin ake fara ji. Ga shi kuma rubutu yana tafiya daga dama, amma babban gurbin lamba yana hagu. Maganinsa tsinken tsintsiya. Ka karya guda 100, ku ɗaure su goma-goma da zare. Ka ja layi a ƙasa: ɗaurarru a hagu, warwara a dama. Ka ce ashirin da biyar, ta ajiye ɗauri biyu da tsinke biyar, sannan ta rubuta lambar a ƙarƙashin kowanne. Minti 10 kullum. Idan za a yi ragi, 32 a cire 7, bari ta kwance ɗauri ɗaya da hannunta. A nan ne za ta gane ma'anar aro. Ka lura kuma da lambobin littattafanmu na Sudan: biyar zagaye ce, sifiri ɗigo ne, bakwai da takwas juyin juna ne. Kada a cire ta daga khalwa, karatun allo yana ƙarfafa hadda da hannun rubutu. Lissafin ne za ka ƙara mata a gida.

Ta ƙarshe daga Kasala, wata kaka mai riƙon jikoki uku: idan ta koyar da su a gida, makaranta za ta karɓe su?

Inna, gida ba ya bayar da shahada, wato takardar shaidar karatu, don haka karatun gida shiri ne na komawa aji. Tun 2020 tsarin ya koma shekara 6 ibtida'i, 3 mutawassit, 3 sanawi, wato firamare, matsakaiciya da sakandare. Ki nemi littattafan manhajar gwamnati, waɗanda cibiyar manhaja ta Bakhtar Ruda ke tsarawa, ko da tsofaffi ne na aro. Wanda ya tsaya a aji huɗu, ki gwada shi da littafin aji uku tukuna. Idan ya karanta shafi guda ba gargada, ya wuce. Babban cikinsu ya riƙa karanta wa ƙanana, shi ma bita ce gare shi. Ki adana takardar haihuwa, raƙam watani (lambar ɗan ƙasa) da sakamakon ƙarshe a cikin leda, tare da littattafan rubutun da suka cike a gida, masu kwanan wata a kowane shafi. Da waɗannan za ki je ofishin ilimi na mahalliyarku, wato ƙaramar hukumarku, ki nemi a ba su aji.

Wasiƙun da suka shafi masu shirin Shahada Sudaniya, wato jarrabawar kammala sakandare, mun ajiye su sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.