Haƙa rami ba shi ne aikin ba

Jama'a masu sauraro, abin ya fara isa ta. Duk jami'ar da ta yi shelar daina fitar da hayaƙin kabon, sai ta nuna mana injin haƙa ƙasa, wai za ta ɗumama gine-ginenta da zafin ƙarƙashin ƙasa, a tafa, a watse. Haba! Rami fa shi ne mafi sauƙi.

Ga yadda abin yake. Ana haƙa rami mai zurfin mita 120 zuwa 250, a zura bututun roba mai lanƙwasa, a cike gefensa da yumɓu na musamman domin zafi ya riƙa ratsawa. Ruwa na zagayawa, injin jan zafi ya ɗaga ɗuminsa zuwa wajen digiri 60. Da ma'auni ɗaya na lantarki ana samun uku ko huɗu na zafi. Jami'ar Ball State da ke jihar Indiyana a Amurka ta haƙa ramuka kusan 3,600, ta kashe tukwanenta na kwal a 2014. Madalla.

To amma tsofaffin gine-gine da tururi aka tsara su, mai zafin da ya haura digiri 100. Ka tura musu ruwan digiri 60 ta tsofaffin na'urori, ɗalibai su kwana cikin sanyi. Dole a tone harabar, a sauya bututu, a shiga gini bayan gini a canza na'urorin ɗumamawa, a toshe kafofin iska. Abin da Jami'ar Princeton ta Amurka ke fama da shi ke nan, ita da ta sa wa kanta wa'adin 2046 na daina fitar da hayaƙin kabon. Nan kuɗin yake, nan shekarun suke, kuma ba a ɗaukar hotonsa.

Masu cewa ƙasa ba ta gajiya, su sake lissafi. Idan zafin da ake zuba mata da bazara wajen sanyaya gine-gine ya fi wanda ake ja da hunturu, tana ɗumama shekara bayan shekara, injin ya riƙa shan wuta fiye da ƙima.

Ita kanta wutar fa? Injin da ke aiki da lantarkin kwal bai kashe hayaƙi ba, ya dai mayar da shi garin wasu. Saboda haka kafin a tafa, a tambaye su: gine-gine nawa aka sauya wa bututu, kuma daga ina lantarkin ke fitowa?