Bugun Kai a Filin Wasa: Yaron da Bai Suma Ba

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena, malamai, masu horar da yara, na gode da kuka zo.

Maganar da ta tara mu ita ce girgizar ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa abu ce mai laushi, tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai. In an bugi kai, ko an bangaji ƙirji har wuya ya fizgu, sai ta kaɗu kamar kindirmo a ƙwaryar da aka jijjiga. Ba jini, ba ƙulu, hoton asibiti ma galibi ba ya nuna komai. Kuma mafi yawan waɗanda abin ya samu ba sa suma. Mu kuwa suma muka mayar ma'auni.

Ku je kowane fili da la'asar, Tudun Wada ne ko Samaru. Yara biyu sun tashi sa wa ƙwallo kai, kawunansu sun gwaru. Ɗaya ya miƙe yana layi, idonsa ya yi wani iri. Wani zai fasa ledar fiya wata ya kwara masa a ka, koci ya ce, "Tashi, ai kai namiji ne!" Shi ke nan, ya koma wasa. Wallahi wannan yana ci mini rai, domin yaron bai san halin da yake ciki ba, mu manya ne ya kamata mu sani.

Ba mu kaɗai ba ne. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014, Christoph Kramer na Jamus ya bugu a ka, aka bar shi ya ci gaba, har ya tambayi alƙalin wasa ko wannan ne wasan ƙarshe.

A ƙasashen waje, rugbi da ƙwallon Amurka, wasannin da ake bangazar juna, su ne kan gaba a wannan matsala. A nan namu daban ne: ƙwallon ƙafa a busasshiyar ƙasa mai tsakuwa, kokawa, faɗowa daga doki lokacin kilisa ko folo, sai dambe, wanda shi kai ake nema da gangan. Ba na zagin al'ada, amma ba na jin daɗin ganin an naɗe wa ɗan shekara 12 hannu. Masu 'ya'ya mata kuma su lura, a ƙwallon ƙafa bincike ya nuna abin ya fi samun 'yan mata.

A 2015 hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai. A 2019 binciken Jami'ar Glasgow ya gano tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon Sikotland sun ninka sauran mutane sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa.

Babban haɗarin shi ne bugu na biyu kafin na farko ya warke. Ba kasafai ba ne, amma ƙwaƙwalwar matashi kan kumbura nan take, har a rasa rai. Saboda haka, malam koci, da ka ga jiri, ruɗewa, ciwon kai, ko ka tambaye shi ci nawa ne ya kasa faɗa, fitar da shi. Ko ya yi rantsuwa ya warke, ba zai koma ba ranar nan. Kuma ka bi shi gida ka gaya wa iyayensa, kar a bar shi shi kaɗai.

Ya huta kwana ɗaya zuwa biyu, a rage masa waya da talabijin. Daga nan tafiya, sai sassarfa, sai atisaye ba karo. Ciwon ya taso, a ja baya. Makaranta kafin fili, kuma yara kan kai mako huɗu kafin su warware.

Iyaye mata, ku ne ke tare da shi da dare. In yana ta amai, ciwon kai na ƙaruwa, barci ya danne shi ba ya tasuwa, yana fizge-fizge, maganarsa ta sarƙe, ko hannu ko ƙafa ya saki, kar a tsaya kemis, kar a jira asuba. A nemi mota a wuce asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya.